Fitilar injekta ta kama a babur ɗina: in ci gaba da hawa, ko in mayar da shi kafireto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur roba-roba mara giya, mai injekta, na hannu na saye shi. Makon jiya bayan na kai shi wanki, sai wata fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a fuskar mita. In ina tafiya tana nan a kunne, in na tsaya sai ta riƙa kiftawa. Da safe yana wahalar tashi, amma in ya tashi yana tafiya. Wani bakanike ya ce ƙwaƙwalwar ce ta mutu, wani kuma ya ce a cire injekta a sa kafireto in huta. Kullum daga Birnin Kebbi nake zuwa aiki Kalgo. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi ƙwaƙwalwa tukuna, kada kuma ka bari a kwance maka injekta. Babur ɗin da yake tashi, ya kai ka Kalgo ya dawo da kai, ƙwaƙwalwarsa da ranta. Ita ce ma take kifta maka fitilar, kuma kiftawar nan ba ta banza ba ce, lamba take ƙirga maka. Wanda ya yanke hukunci bai tsaya ya ƙirga ba, canki-canka ya yi da kuɗinka.

Bari in fara da abin da fitilar take nufi, don a nan mutane da yawa suke ɓacewa. A babur mai kafireto, iskar da inji yake zuƙa ita ke jawo mai da kanta. A mai injekta kuwa akwai famfo a cikin tanki da yake turo mai da ƙarfi, sai wata 'yar kwamfuta, wadda muke kira ƙwaƙwalwa, a littafin kamfani kuma za ka ga an rubuta ECU ko ECM, ta riƙa buɗe injekta tana rufewa gwargwadon buƙata. Ba ta gani da ido. Ƙananan na'urori da muke kira sensa su ke kai mata labari: zafin inji, zafin iskar da ke shiga, yadda ka murɗa totur, juyin inji, da ragowar iskar oksijin a cikin hayaƙi. Yawancinsu ita take ba su wuta bolt 5, su maido mata da wani kaso. Idan abin da ya dawo ya fita daga iyaka, ko ya zama babu, ko ya tashi ya cika, sai ta kunna fitila ta ajiye lamba.

To ka lura da kyau, layin wuta take gadi. Lambar da za ta ba ka unguwa take faɗa maka, ba gida ba. In ta ce layin sensar zafi, mai yiwuwa sensar ce ta mutu, mai yiwuwa soket ɗinta ne ya sha ruwa, ko waya ta tsinke a ciki, ko ɓera ya ɗanɗana ta cikin dare, ko batir ne ya yi sanyi har lissafin ya rikice. A abin da nake gani a wurin aiki, sensa ita ce ƙarshen waɗanda ake kamawa da laifi. Soket da waya da batir sun fi ta yawa nesa ba kusa ba.

Yanzu ga yadda za ka ƙirga. Ɗora babur a kan babban sitan, buɗe makulli, kada ka tayar. A babur mai lafiya fitilar za ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu, za ka kuma ji ƙarar famfo a ƙarƙashin kujera ko wajen taka ƙafa na kusan daƙiƙa 2. Wannan gwajin kai ne, ba matsala ba. A naka za ta fara kiftawa. In ba ta fara ba, tayar da shi ka bar shi a silo. Kiftawar iri biyu ce. Doguwa, wadda takan kai daƙiƙa ɗaya ko ta ɗan wuce, goma ce. Gajera, ta rabin daƙiƙa ko ƙasa da haka, ɗaya ce. Doguwa ɗaya da gajeru biyu, 12 ke nan. Gajeru bakwai babu doguwa, 7. Za ta ɗan dakata ta maimaita, in kuma lambobin sun fi ɗaya za ta jero su bi da bi. Ɗauki bidiyonta da waya, ka kalla a natse. Ido yakan ruɗe tsakanin 7 da 8, kuma a Honda bambancinsu shi ne bambancin sensar zafi da sensar totur.

Ba ka faɗi kamfanin da ya ƙera babur ɗin ba, kuma kowane kamfani da nasa ƙirgen. A Honda masu tsarin injektar da kamfanin ke kira PGM-FI, 1 ta sensar matsin iska ce a maƙogwaron inji, 7 zafin inji, 8 totur, 9 zafin iskar da ke shiga, 12 injekta, 21 sensar hayaƙi, 29 bawul ɗin da ke riƙe silo, 33 ma'ajiyar ƙwaƙwalwar kanta, 52 sensar juyin inji, 54 kuma sensar da ke kashe inji idan babur ya faɗi. A Yamaha lissafin daban ne: 12 sensar juyin inji ce, 13 da 14 matsin iska, 15 da 16 totur, 21 zafin ruwa, 22 zafin iska, 24 hayaƙi, 39 injekta, 46 kuma wutar da ke isa tsarin ce ba daidai ba, galibi matsalar caji. Suzuki sukan rubuta FI ɓaro-ɓaro a fuskar mita, lambobinsu kuma da harafin C suke farawa: C00 babu matsala, C12 juyin inji, C14 totur, C15 zafin inji, C41 layin famfon mai. Dubi 12 ɗin nan kawai. A Honda injekta ce, a Yamaha sensar juyin inji. Bakaniken da ya haddace jadawali ɗaya yana aiki da shi a kan kowane babur zai sa ka sayi abin da lafiyarsa ƙalau.

Wasu sababbin, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Turai ko Indiya a 'yan shekarun nan, ba sa kiftawa da kansu, fitilar tsayawa take yi cak sai an jona na'urar karanta lamba a wani soket da ke ƙarƙashin kujera ko kusa da batir. Naka tunda yana kiftawa, ka huta da wannan.

Daga abin da ka bayyana, zuciyata ta fi karkata ga abu biyu. Na farko ruwan wanki. Injin wankin nan mai feshi da ƙarfi yana tura ruwa ya wuce robar da ke toshe bayan soket, ruwan ya kwanta a ciki, bayan kwana biyu ƙarfen ya fara yin kore. Na biyu wahalar tashi da safe. A Honda, idan layin sensar zafi ya yanke, ƙwaƙwalwa takan ɗauki wani zafi na ƙiyasi ta yi aiki da shi don kada ta bar ka a hanya. Da rana ba za ka ji bambanci sosai ba. Da asuba kuwa inji mai sanyi yana son ƙarin mai, ita kuma ba ta san yana da sanyi ba, sai ka yi ta danna sitata. Don haka ba zan yi mamaki ba in ka ƙirga ka samu 7, ko makamanciyarta a wani kamfanin. Amma ka ƙirga ɗin, kada ka tafi da hasashena.

Ko wace lamba ka samu, daga batir za a fara. Na nace a kan wannan saboda mun saba da baburan 'yan kabu-kabu, waɗanda ko babu batir ka buga kik su tashi. Mai injekta galibi ba haka yake ba. Famfo wuta yake ci, injekta wuta, ƙwaƙwalwa wuta. A sa mitar auna wuta a kan batir bayan babur ya kwana: lafiyayye zai nuna wajen bolt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12.2 ya yi rauni. A danna sitata ana kallon mita. In ya zube ƙasa da 10, batir ɗin ya gaji ko da da farko ya nuna lamba mai kyau. Sannan a tayar a ɗan ja totur, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da 13 ba ya caji. Sama da 15 cajar ta lalace tana dafa batir, kuma irin wannan ne yake kashe ƙwaƙwalwa da gaske. Zafinmu na Maris zuwa Mayu, da yake wuce digiri 40, yana cin batir da wuri, kuma babur na hannu sau da yawa da tsohon batir ɗinsa yake zuwa. A goge kan batir, a ɗaure notin da kyau, a bi baƙar wayar zuwa inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfe ko inji, a kwance a kankare tsatsa a mayar. A duba fiyus, ba da ido kawai ba, a zare shi a ga ƙafafunsa.

Abu ɗaya nake roƙonka ka hana da bakinka in ka ga za a yi: cire kan batir inji yana aiki don a gwada ko yana caji. Haka ma ƙyasta waya a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi, ko jona ƙwan gwaji a layin sensa. Dabarun zamanin kafireto ne, kuma sun yi amfani a lokacinsu, amma layin bolt 5 ba ya ɗaukarsu. Da yawa daga ƙwaƙwalen da ake cewa sun mutu da kansu, a wajen gwaji aka kashe su. In kuma za a yi walda a jikin babur, a cire batir da soket ɗin ƙwaƙwalwa tukuna.

Bayan batir sai soket ɗin da lambar ta nuna. A kashe makulli, a zare shi ta hanyar danna ɗan makullinsa, ba jan waya ba. A leƙa ciki da tocila. Ruwa, kore-kore, ƙafar da ta lanƙwashe ko ta koma baya, duk ana ganinsu. A fesa maganin wanke soket na lantarki, a busar, a mayar har a ji ya ce ƙas. Daga nan a tayar da babur a riƙa motsa wayar a hankali daga soket zuwa inda ta shiga babban ƙunshin wayoyi. In fitila ta mutu ta dawo, ko inji ya canza murya, an kama wurin. Wuraren da waya ta fi tsinkewa a irin wannan babur su ne wuyan kan babur inda ake juyawa, da inda wayoyi suka tsallaka daga gangar jiki zuwa inji, domin injin roba-roba mara giya tare da tayar baya yake lilo, kowane rami na hanya sai ya ja wayar. Ka kuma tambayi kanka ko an ƙara wa babur ɗin wani abu: ƙararrawar ɓarayi, fitila mai haske, babban oda, wurin cajin waya. Masu sakawa sukan feɗe duk wayar da suka samu da wuta su ɗaura, wani lokacin layin ƙwaƙwalwa suke shiga ba su sani ba.

Idan a Honda ka ga 1 da 8 da 9 sun fito tare, kada wani ya ce maka sensa uku sun mutu rana ɗaya. A wasu nau'ukan ukun a gida ɗaya suke, soket ɗaya suke amfani da shi. Soket ɗin ne ya saki, ko wutar da suke rabawa ta yanke.

Sai an wuce duk wannan ake auna sensar kanta, kuma a nan akwai tarkon da ya shafe mu musamman. Sensar zafi, juriyarta, wato yadda take tare wutar da ke bi ta cikinta, wadda ake aunawa da om, raguwa take yi in zafi ya ƙaru. Littafin kamfani yakan ba da awon a digiri 20, wajen om 2,500. Yaushe rabon da garejin Birnin Kebbi ya ga digiri 20 da rana, in ba tsakiyar hunturu ba? A zafin digiri 40 lafiyayyar sensa za ta nuna kusan rabin wannan, wajen 1,200, in inji ya ɗau zafi kuma ta sauko 'yan ɗaruruwa. Wanda bai san haka ba zai ga lamba ba ta yi daidai da littafi ba ya jefar da sensa mai kyau. Abin dubawa shi ne ko tana sauka a hankali yayin da take ɗumi, ba tare da tsalle ko yankewa ba. Sensar totur kuma wutar da take maidowa ake kallo: wajen rabin bolt in totur na rufe, ta hau sumul zuwa sama da 4 in an buɗe duka. Injekta ana auna ta, yawancin na ƙananan babura wajen om 12 suke. Kada a kwance notin da ke riƙe da sensar totur ko sukurorin da aka shafa wa fenti a maƙogwaron inji, saitin kamfani ne, kuma mayar da shi sai da ƙa'ida.

Akwai kuma abin da fitilar ba za ta taɓa faɗa maka ba, kuma shi ya fi damun baburanmu: mai. Yawancin ƙananan baburan nan ba su da sensar da ke auna ƙarfin turin mai. Famfo zai iya gajiya, matacinsa ya toshe da laka, babur ya riƙa shaƙewa in ka ja totur ko ka ɗauki mutum, fitila kuma tana kashe abinta. A ƙananan Honda turin da ake so kilofaskal 294 ne, wato wajen PSI 43, ya fi iskar da ke cikin tayarka. Ramukan bakin injekta kuwa ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya ishe su. Mu kuma ga yadda muke shan mai. Lokacin da hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, mutanen wajen Kamba da Dole Kaina da Lolo suka ƙara dogara da 'yan bumburutu, man jarka da kwalba kuwa ba ya rasa ƙura ko ruwa, wani ma da kananzir a ciki. Bayan cire tallafi a Mayun 2023 kuma kowa ya koma sayen lita ɗaya, lita biyu. Ban ga laifin kowa ba, aljihu ne. Amma famfon nan a cikin mai yake zaune, man ne ke sanyaya shi. Tankin da kullum yake ƙasa yana sa shi zafi, yana kuma sa shi zuƙar dattin da ya kwanta. In da hali kada ka bari ya sauka ƙasa da kwata. In ka yi shakkar man da ka sha, zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Duk wanda zai cire tiyon mai kuma ya fara zare soket ɗin famfo, ya tayar da inji har ya mutu da kansa, don turin ya sauka. Ban da sigari, ban da kusa da mai walda.

Gurɓataccen mai ko filtar iskar da ƙurar hunturu ta toshe kan iya jawo lambar sensar hayaƙi, 21 a Honda ko 24 a Yamaha, alhali sensar gaskiya take faɗa: ƙonewar ce ba daidai ba. Filtar takarda mai ɗan maiƙo ba a wanke ta da fetur, ba a hura mata iska, canzawa ake yi, kuma a ƙurarmu tun kafin lokacin da littafi ya ce.

Game da zuwa Kalgo: in fitilar ruwan ɗorawa ce, inji yana tafiya daidai, ba ya shaƙewa, ba ya mutuwa a silo, za ka iya lallaɓawa na 'yan kwanaki kafin ka samu mai dubawa. Sai dai zai fi shan mai, filogi zai yi baƙi, kuma fitilar da ke kunne kullum ba za ta iya sanar da kai sabuwar matsala ba. In ya fara yankewa a kan gudu, ajiye shi. Hanyar nan manyan motoci suna bin ta, babur ɗin da zai mutu maka a gaban tirela ba abin gwaji ba ne. Ka kuma tabbata ba jar fitila mai hoton ma'aunin zafi kake gani ba, a baburan da ke da lagireto. Ita wannan ba a tafiya da ita ko kaɗan, tsayawa ake yi a kashe inji nan take.

In an gyara, a yawancinsu fitilar za ta mutu da kanta da zarar an kashe makulli an buɗe, ko bayan an ɗan yi tafiya. Tsohuwar lambar takan zauna a ma'ajiya, ana goge ta da na'ura, ko a Honda da wani ɗan soket na musamman da ake haɗa ƙafa biyu da shi. Launin wayoyin da ake haɗawa ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i, don haka kada a soka waya da ka. Goge lamba ba tare da gyara ba kuwa aikin banza ne, za ta dawo. Wanda ya ce zai cire ƙwan fitilar ko ya liƙe ta da baƙin salatif, ka ɗauke babur ɗinka daga wurinsa.

Saura maganar kafireto, kuma ita ce ta fi ci mini rai, don na ga baburan kirki da yawa da aka nakasa ta wannan hanya. A babur mai injekta ƙwaƙwalwar ba mai kawai take rabawa ba, ita ke ba filogi wuta a lokacin da ya dace. A wasu sababbin Honda ma sitata da caji duk ta cikinta suke bi. Ka ga ke nan ba cire wannan a ɗaura wancan ba ne. Sai an nemo wata hanyar ba da wuta, wani lokacin har da canza magneto, a kashe famfo, a san yadda mai zai gangaro daga tankin da a wasu baburan yake ƙasa da inji. Garin neman gira a rasa ido. Ƙarshenta ka samu babur mai shan mai fiye da da, mai wahalar saiti, wanda in ka tashi sayarwa ba mai taya shi da daraja, duk saboda soket ɗin da ƙila busarwa kawai yake so. Bakaniken da ya ba ka shawarar ba lallai mugunta ce ba, abin da hannunsa ya sani ne ya faɗa maka. Amma injekta ba baƙuwar da za ta koma ba ce. Honda ta fara sa ta a ƙaramin babur Wave 125i a Tailan tun 2003, Indiya kuma, inda Bajaj da TVS suke, ta tsaurara dokar hayaƙi daga Afrilun 2020 har kusan duk sababbin baburan kasuwarta suka koma injekta. Za su ci gaba da shigo mana, sababbi da na hannu.

Saboda haka mai gyaran da za ka nema shi ne mai mita a hannu, ko da mai wayarin ɗin mota ne, domin su sun daɗe da sabawa da wannan tsarin. Je masa da bidiyon kiftawar, da sunan kamfani da nau'in babur kamar yadda yake a jikinsa, ka gaya masa bayan wanki abin ya fara. Ka ce ya auna batir da caji a gabanka, ya buɗe soket ɗin da lambar ta nuna, kuma duk kayan da zai ce ka saya ya fara nuna maka awon da ya kama shi da laifi. In ya zama dole a canza sensa, a sayo mai lamba ɗaya da wadda aka cire, domin biyu za su iya kama da juna a ido, soket ɗinsu ma ya shiga, amma awonsu ya sha bamban. Wajen wanki kuma daga yau ka ce bokiti da soso, kada a nufi ƙarƙashin kujera da kan inji da bakin injin feshi.